Agogon Gwaggo Tasalla

Duk wanda ya ce ya taɓa ganin Gwaggo Tasalla a zaune, to a tahiyar salla ya gan ta. Ƙanwar babanmu ce, kuma tun da na yi wayo a tsaye na san ta. A tsaye take shan koko, a tsaye take amsa gaisuwa. In ta je barka aka shimfiɗa mata tabarma, sai ta naɗe ta jingine a bango ta ce kar kaji su ɓata wa masu gida. Ku da kuka zauna da ita a garin nan kun san ban ƙara komai ba. Kafin ka gama ce mata ina kwana ta kai ƙofa, amsar sai dai ka tsinta a zaure.

To mace irin wannan ce Allah ya ɗora wa sana'ar da ba ta son gaggawa. Daga nan har Bunkure, in ana haɗa kayan gara, cincin da alkaki da dubulan kowa na taɓawa, amma kek sai Gwaggo. Tukunyar ƙarfe ce da ita babba. Ta zuba yashi a gindi, ta jera gwangwanayen kifi da ta shafe da bota ta zuba wa kwaɓi, ta rufe, ta kwaso garwashi ta ɗora a kan murfin, wuta sama wuta ƙasa. Babu amaryar da ta fita daga zuriyarmu ba da kek ɗinta a cikin gara ba, har dangin miji sukan fara laluben sa a fanteka kafin su dubi buhun shinkafa. Ni kuwa ga Zinatu, 'yata ta fari, ta tasa, kuma duk danginmu babu wadda ta iya kek ɗin nan sai Gwaggo. Kwaɓin ba ta ɓoye mana ba, duk mun iya. Lokacin saukewa ne ya gagare mu, namu ko ya ƙone ko ya fito da ɗanyen ciki.

Na sha tambayarta.

"Gwaggo, wai minti nawa yake yi a wuta?"

"Minti kuma? Daga nan zuwa bakin kanal da dawowa."

"Ni agogo nake tambaya."

"Ke Rabi, ga agogo nan," sai ta ɗaga min ƙafa.

Dalili shi ne ta san halinta. In ta tsaya kusa da tukunya hannunta sai ya ɗaga murfi, in kuwa aka ɗaga, kek ya sace ya kwanta. "Kek ba ya son ido," in ji ta. Saboda haka tana rufe tukunya take figar mayafi ta fice. Ta fara biyawa gidan Iya Kulu, tsohuwar da idonta ya mutu, su gaisa. Daga nan ta ratsa ta gonakin albasa zuwa bakin kanal, inda Baba Ila yake zaune yana kula da ƙofar ruwan da ake buɗe wa manoman rani. Shi ba gaisawa suke yi ba. Tun zamanin marigayi mijinta suka samu saɓani kan ruwan wata fadamar albasa, kowa ya manta yadda aka yi, su ma na tabbata sun manta, amma faɗan bai mutu ba.

"Ila, har yanzu kana nan da hular nan da ta girmi kanal?"

"Tasalla, ƙafar nan taki ba a yi mata ɗaki ba ne?"

Ta faɗa ya rama, ta ƙara ya ƙara, sai ta ja tsaki ta juyo. Tana shigowa gida ta sa tsumma ta ɗage murfi, kek ya yi jawur ya taso kamar an hura.

Wata rana ta dawo da wuri, ta buɗe, ta soka tsinke, ya fito da kwaɓi. Ashe Baba Ila ciwon haƙori yake, ya ɗaure haɓa da rawani, ta yi ta zazzaga masa bai iya komai ba sai ɗaga hannu. Gwaggo ba ta tsaya ba. Ta ɗauki gwangwani ɗaya da zafinsa, ta koma bakin kanal, ta dangwarar masa a gaba.

"Ga aikinka nan, ka ci. Mutum in ya san ba zai iya magana ba ya zauna a gida mana, ya daina ɓata wa mutane fulawa."

Masu ɗaura kwandunan tumatir a wurin suka yi ta dariya har wani ya saki igiya. Shi kuwa Baba Ila, an ce da haƙorin nasa ya lallaɓa ya cinye gefen da ya nuna.

Sai kuma batun yashi. Yashin tukunyar nan ya yi shekara da shekaru tare da ita, in ta gama ta juye a tsohon daro ta rufe da faifai. Da ɗanta Sabi'u, wanda ke aiki a birni, ya turo magina su gyara bangon tsakar gida, yashinsu ya gaza, suka ga daro a gefe suka kwashe suka kwaɓa da siminti. Ta dawo daga unguwa ta tarar da daro wayam. Ba ta yi ihu ba. Ta je ta kafa hanci a jikin bango ta shinshina.

"Bota," ta ce. "Duk wanda ya jingina da bangon nan ya sani a kan yashina ya jingina."

Ranar Asabar da Sabi'u ya zo, da farar shaddarsa ta tasa shi gaba zuwa kanal, buhu a kafaɗa, tana nuna masa inda zai ɗiba da inda ba zai ɗiba ba. Shi kuma don ya wanke kansa, zuwansa na gaba sai ga shi da akwatin gashi mai aiki da lantarki, fari tas, da gilashi a gaba, da wani ɗan maɓalli da ake murɗawa ya yi ƙara in lokaci ya cika.

"Inna, kin huta da yawo. Ki murɗa nan, ki zauna, da kansa zai kira ki."

"In zauna in yi me?"

"Ki huta mana."

"Shi wannan ɗin, in na zauna, shi zai je ya gai da Kulu?"

Ta dai yarda aka gwada, don kar a ce ta ƙi. Ga gilashi, ga kek a fili, Gwaggo ta kasa ɗauke ido, ta kai ta kawo, ta buɗe ta rufe. Ana cikin haka aka ɗauke wuta. Da Sabi'u ya sake zuwa ya tarar an cire ƙofar akwatin, an zuba ƙaiƙayin shinkafa a ciki, kaza ta hakimce tana kwanci.

"Inna, me ke nan?"

"Ka kawo min abu mai cin ƙwai, na mai da shi mai ba da ƙwai. Ka gode min."

Shekarar da aka sa ranar Zinatu, lokacin wayar hannu ta fara shigowa garinmu, a shekarar ne gwiwoyin Gwaggo suka fara kumbura. Tafiyar bakin kanal ta ƙara mata nisa, kek ya fara fitowa da baƙin gindi. Ta zagi fulawa ta ce ta zamani ce, ta zagi mai gawayi, ta ce kajin yanzu ƙwansu ruwa ne. Ƙafa kaɗai ba ta ambata ba, mu ma ba wanda ya isa ya ambata. Ni kuwa ga biki yana matsowa. Dangin angon mutanen Kura ne, kuma uwar angon da bakinta ta ce min ita dai ta ji labarin kek ɗin gidanmu, shi take jira.

Ana saura 'yan kwanaki kai gara, Gwaggo ta yunƙura da safe ƙafa ta ce ba ta san zance ba. Muka fito da ita tsakar gida muka jingina ta da bangon nan nata. Ban taɓa ganin zama mai wahala irin wannan ba. Ta gyara nan, ta muskuta can, tana kaɗa yatsun ƙafa, tana ba da umarni ga duk abin da ya gifta har da awaki. Na kwaɓa a gabanta, na jera, na rufe, na ɗora garwashi.

"To tashi," ta ce. "Bakin kanal, ki dawo."

Ni ga aikin biki ya sha min kai, ga masu daka nakiya suna jirana. Ina fita na ga ɗan acaɓa ya sauke buhun taki, na ce ya kai ni kanal ya dawo da ni. Na leƙa ruwa don kar a ce ban je ba, muka juyo. Na shigo ina gyara mayafi, na ɗage murfi kafin ta yi magana. Kek ya dube ni, ya sace, ya kwanta.

Gwaggo ta kalli tukunya, ta kalli ƙafata da ko ƙura babu.

"Wa kika gaisar?"

"Gwaggo, ai kin ce bakin kanal."

"Na ce wa kika gaisar. Kulu ta ce me? Ila ya ce me?"

Na ce acaɓa na hau.

"Da ƙafar inji kika auna min kek. Sake kwaɓi."

Fulawar da ta rage ta zubi ɗaya ce mai kyau, sauran an ware wa cincin da dubulan. In wannan ya lalace sai an sake aikawa Kura, ga lokaci ya ƙure. Na sake kwaɓawa. Da na rufe tukunya, ta zaɓi guda daga cikin waɗanda suka kwanta, wanda ya fi dama-dama, ta ƙulle min a bakin mayafi.

"Na Kulu ne. Ko ya lalace ana kai mata. Shi kuwa wancan na bakin kanal, ki ce na ce hularsa ko jaki aka ba ya mayar."

Na taka da ƙafata. Iya Kulu na jin sallamata ta ce wannan ba takun Tasalla ba ne. Na gaya mata halin da ake ciki. Ta riƙe hannuna ta lalubi ƙullin mayafin da kanta, alamar ta san inda yake zama, ta tambayi Zinatu, ta tambayi ango da iyayensa, ta sa albarka mai tsawo. Ina ta ɗaga ƙafa ina saukewa, hankalina na kan tukunya, amma ba halin zare hannu.

A bakin kanal na durƙusa na gai da Baba Ila da ladabi, kamar yadda aka koya mana. Ya amsa yana leƙen bayana.

"Ina masifaffiyar?"

"Ƙafa ce ta hana ta, Baba."

Ya juya ya dubi hanyar gari. Sai ya ce, "Akwai tukunya a wuta?"

"Akwai. Na garar Zinatu ne."

"To me kike jira? Zage ni mana, kar ya fito ɗanye a ce ni ne."

Kunya ta kama ni, sa'an babana ne. Na sunkuyar da kai na ce, "Wai ta ce hularka ko jaki aka ba ya mayar."

"Ɗaga murya, ita ba haka take yi ba."

Na ɗaga. Ya gyara zama, ya ce in gaya mata ƙafar ce ta gaji da ita ta kai ƙara wurin Allah. Na ce ai ba ta ba ni amsar wannan ba. Ya ce in ƙirƙiro, jininta ne ni. Wallahi sai ga bakina ya buɗe, na ce masa shekara da shekaru yana gadin ruwa ko wanka bai koya ba. Ya tuntsire da dariya har ya share ido da bakin hular, kuma ban tabbata dariya ce kaɗai ta kawo ruwan ba.

"Ja tsaki ki tafi," ya ce. "Ya nuna."

Tun daga zaure ƙamshi ya tare ni. Gwaggo ta zauna a kan hannayenta biyu, ta danne su da cinya don kar su kai ga murfi, gumi na zubo mata.

"Ya rama?"

"Ya rama."

"To sauke."

Na ɗage. Jawur, a tashe, kowanne ya leƙo daga gwangwaninsa. Ta gutsuri ɗaya ta tauna, ba ta yaba ba, ta dai ce suga ya so ya yi yawa. Da ƙyar aka samo ƙarin fulawa, kwanakin nan na yi zaryar kanal har ƙafata ta yi kanta, Baba Ila ya sha zagin da bai taɓa sha ba. Gara ta tafi Kura da fanteka cike, uwar ango ta aiko da godiya ta musamman ga Gwaggo. Da aka isar mata sai ta ce a gaya wa matar ta gode wa mai hula.

Gwaggo ba ta ƙara taka hanyar nan ba. Kafin ruwan farko ya sauka Allah ya karɓi abarsa.

Bayan an share makoki, ranar da na fara kunna tukunyar ni kaɗai, na rufe na ɗauki mayafi. Na biya na gai da Iya Kulu. Na isa kanal na tsaya a kan Baba Ila, na tattaro ƙarfin hali na taɓo masa batun hula. Ya buɗe baki zai rama, maganar ta ƙi fita. Ni ma na kasa jan tsaki. Muka zauna muna kallon ruwa yana wucewa gonakin mutane, ban san iya lokacin da muka ɗauka ba. Da na koma gida na tarar kek ya zama gawayi, kuma shi ne kek ɗaya da na ƙona ban ji haushi ba.

Yanzu akwai agogo a wayata, amma har gobe ina rufe tukunya nake fita. Ina kewarta ƙwarai, har faɗan nata. Allah ka jiƙan Gwaggo Tasalla, ka yafe mata, ka haskaka kabarinta. Ka ba ta ƙafafu sababbi da Aljanna mai faɗi, mai ƙoramu da maƙwabta, inda za ta zaga ta gai da kowa. In kuma ta yarda, ya Allah, ka zaunar da ita ta huta.