Ciyawar Baba Direba, Miyar Mai Ɗinki

Mutane sun iya raina mai shara, alhali ba don ita ba da ƙazantarsu ta binne su. Shekara ashirin da biyu Gwaggo tana sharar makarantar firamare. Duk littafin yara da aka yaga aka yar, sai ta tsince, ta ɗinke da zare da allura, ta mayar kan tebur. Ko sannu ba a taɓa ce mata ba.

Ita ta fara lambun bayan gidan hayarsu. Da can juji ne tsakanin katanga da famfo, kowa ya watsa shara ya toshe hanci kamar ba tasa ba. Kwana tara tana kwasa da tsohuwar shebur, ana mata dariya. Da tumatirinta ya nuna, masu dariyar ne suka fara zuwa neman wuri. Gidan ɗaki goma sha huɗu ne, yare biyar, kowa ya fito da irin garinsu a ƙulle cikin tsumma.

Baba Direba ne ya ɓallo ruwa. Tun da ya ajiye tuƙi hannunsa ke ƙaiƙayi. Wata safiya ya ga wani ganye mai gashi-gashi ya bazu gefen famfo, ya tuge shi tas, ya tsaya jiran godiya. Mai Ɗinki ta fito ta ɗora hannu a ka, don daga garin uwarta ta kawo irin, tafiyar kwana biyu.

"Ciyawa ce fa, 'yata!" in ji Baba. "A garinmu ko akuya ba ta kallonta."

"To, Baba, akuyoyinku ba su san daɗi ba! Miyar wata guda ka tuge min!"

Nan gida ya rabu biyu, har mai gidan hayar ya sauko daga bene. "Na ƙara jin hayaniya kan ganye, siminti zan zuba, in samu wurin ajiye mota." Ku ji fa! Mutumin da ko tsinke bai ɗaga ba lokacin da wurin ke wari.

Gwaggo ba ta roƙi kowa ba. Ta riga ta gano ciwon: kowa ganyen garinsu kaɗai ya sani. Ta tsinci saiwa uku masu sauran rai cikin tarin da Baba ya yi, ta dasa a gwangwani. Washegari ta dawo da takardun makaranta da aka gama da su, masu farin baya, ta ɗinke su littafi, ta tara yaran gidan.

"Kowa ya zana abin da uwarsa ta shuka. Ku tambayo sunansa da amfaninsa. Wanda ya zana min tumatir kamar ƙwallo zai sake."

Kowane shafi ya samu hoto, da suna a yare biyar, da mai shi. Aka sa littafin a leda, aka rataye a ƙusa kusa da famfo. Doka ɗaya ce: ba a tuge komai sai an duba.

Bayan sati uku aka ga Baba tsaye kan wani tsiro, hannu a baya kamar mai laifi, yana kiran wata yarinya cikin yaran gidan.

"Jikalle, zo duba min. Abinci ne ko ciyawa?"

"Shafi na tara, Baba. Shi ake dafa maka in kana tari."

"Ka ga da ka tuge maganinka!" Mai Ɗinki ta faɗa daga kan kekenta, gida ya kwashe da dariya.

Har yau motar mai gida a titi take kwana. Shi ne ma yanzu ke jan baƙi yana cewa "lambun gidana", ko kunya babu. Gwaggo ko ɗaga kai ba ta yi. Sabbin 'yan haya sun zo da wani iri, tana ƙara shafi.