Hutun Da Na Ɗora Wa Nna

Da za a ba ni dama in warware abu ɗaya cikin abubuwan da na ƙulla a rayuwata, da ranar da na raba mahaifiyata da kaskon suyarta zan warware. Na daɗe ina haɗiye wannan magana. Jiya da hantsi wata yarinya ta wuce ta ƙofar gidana da farantin ƙuli-ƙuli a ka, ƙamshin ya iske ni har inda nake zaune, sai na ga gara in faɗa muku tun ina da bakin faɗa.

A wani ƙauye kusa da Bida aka haife ni. Nna muke ce wa mahaifiyata, yadda ake kiran uwa a wajenmu. Ban taɓa buɗe ido da safe na same ta a kwance ba. Da kaka, in an cire gyaɗa, tsakar gidanmu kan cika da ɓawo har kaji su rasa wurin taku. Mu yara mu ɓare, ita ta soya, ta murje, ta sheƙe, a daka. Daga nan sai ta riƙa zuba ruwan zafi kaɗan-kaɗan tana juyawa da muciya, har mai ya taso yana ƙyalli. Abin da ya rage, wato tunkuza, shi take murzawa a tafin hannu tana jefawa cikin kasko. Matan unguwa kan kewaye ta, masu saye da masu zuwa hira kawai, ana dariya ana tsegumi. In ta ga na tsura wa kaskon ido, sai ta cillo mini guda mai zafi, in yi ta juya shi daga wannan hannu zuwa wancan.

Da yamma takan kwanta rub da ciki a tabarma ta ce, "Zo ka taka mini bayan nan." In hau ina tattakawa, ƙasusuwanta suna ƙara, tana nishi tana sa mini albarka. Kafin in sauka ta yi barci. A kan bayan nan nata na yi wa kaina alkawari cewa in na girma sai na hutar da ita.

Karatuna bai wuce firamare ba. Na koyi tuƙi, na sami aikin direba a wata ma'aikatar gwamnati a Minna. Bayan an dawo mulkin farar hula abubuwa suka ɗan sake mini, na gina gida a unguwar Sauka Kahuta. A lokacin mahaifinmu ya riga ya rasu, sai na tafi da mota na ɗauko Nna. Ta nace sai an sa kaskonta da muciyarta a bayan mota. Na sa, ina dariya.

Ku da kuka san mutanenmu kun san babu yabon da ya kai a ce, "Wane ya hutar da uwarsa." A majalisa ake faɗa, a ƙofar masallaci ake faɗa. Wannan yabon nake nema, kuma na same shi. Shi ya sa da Nna ta haɗa murhu a bayan gida ta fara suya, na hana. Na ce hayaƙi zai ɓata fenti. Gaskiyar ita ce tsoro nake kada abokan aikina su ji cewa uwata na sayar da ƙuli-ƙuli a cikin gidan da na gina.

Wata Asabar na dawo gida da wuri, sai na ji dariyarta ta tsallako katanga, irin wadda rabona da ji tun ƙauye. Maƙwabciyarmu wata mata ce 'yar kudancin Kaduna, Kirista, mai sayar da kayan miya. Na leƙa gidanta, sai ga Nna zaune a kan turmi, ta ɗaure zani a ƙirji, gumi na zuba, hannunta dumu-dumu cikin tunkuza. Ashe ta ɗauki kaskonta ta kai can. Su biyun duk Hausarsu ta kasuwa ce, amma hira suke kamar tare suka tashi.

Na ce, "Nna, aikatau kike yi a gidan mutane?"

Maƙwabciyar ta miƙe da sauri. "Haba Baban yara, wane aikatau? Mama koya mini take yi. Nawa kullum ƙonewa yake."

Nna ta dube ni ta ce, "Kai ɗan nan, bar ni. In na zauna a gidanka rana ba ta tafiya."

Kun ji, ba ta ɓoye mini komai ba. Amma na ce mata ta yi nata ta gama, yanzu lokacin hutu ne. Washegari na ba wani ɗan'uwanmu mai komawa ƙauye kaskon da muciyar ya tafi da su. Tana tsaye a bakin ƙofa aka fita da su.

Daga nan ta zauna. Na saya mata fanka da talabijin da katifa mai laushi. Duk lokacin da na gaishe ta sai ta ce, "Na gaji." Na sayo maganin ƙarin jini. Na kai ta asibiti, likita ya ce bai ga komai ba sai shekaru. Sai na ƙara mata abin da na sani, wato hutu. Na hana yara hayaniya, na ce kada wanda ya shiga ɗakinta ya dame ta. Na karɓe aikin, na karɓe maƙwabciyar, na koma na karɓe jikokin.

Babbar 'yata a lokacin tana shirin jarrabawar gama sakandare. Wata rana ina wanke mota, tana zaune a dakali da littafin Turanci, sai ta ce, "Baba, yau malaminmu ya rarrabe mana kalmomin gajiya. Ya ce tired shi ne wanda ya yi aiki, in ya yi barci ya warke. Exhausted shi ne wanda ƙarfinsa ya ƙare ƙaf. Amma bored bai yi aikin komai ba, zaman ne ya ishe shi, shi barci ƙara masa ciwo yake. Akwai kuma weary, wanda abin ya daɗe har ya shiga zuciya."

Na ce, "To, Allah ya ba da sa'a."

Ta ce, "Baba, maganin ta farkon kake ba Nna. Ita kuwa ta ukun ce ke damunta, kuma ta kusa zama ta huɗun."

Na jefar da tsumman cikin bokiti. "Turancin kwana biyu ne zai koya mini uwata? Ni na sha nononta ko ke?"

Ta sunkuyar da kai ta ce, "To ka tambaye ta mana."

Ban tambaya ba, don na san amsar. Kuma ba sai da Turanci ba. Mu ma muna da gajiya, muna da galabaita, muna da gundura, muna da ƙosawa, kowacce da wurinta. Ba kalma na rasa ba. In na yarda da maganar yarinyar, dole in aika a dawo da kasko, dole unguwa ta ga uwar wane a bakin murhu. Wannan ne na kasa.

Da damina ta zagayo Nna ta rage magana. Takan zauna a bakin ƙofar ɗakinta tana kallon ruwa yana zuba daga kwanon rufi. Sau da yawa nakan ga tafukan hannunta suna murza juna a hankali, babu komai a tsakaninsu. Zazzaɓi na 'yan kwanaki ya ɗauke ta kafin a cire gyaɗar wannan shekara. Ban ce ni na kashe ta ba, ajali na Allah ne. Amma shekarunta na ƙarshe ni na kwashe abin da ke cikinsu, kuma masu zuwa ta'aziyya suna ta ce mini, "Ai ka yi mata komai." Ina amsawa da amin.

Yanzu ni ma na yi ritaya. 'Ya'yana sun karɓe makullin mota, sun ce idona ya yi rauni, in huta. Da zuciya ɗaya suka yi, Allah ya yi musu albarka. Nakan yi sallar asuba in zauna, in ga kamar an ɗaure rana da igiya. In aka tambaye ni lafiya, abin da ke fita daga bakina shi ne, "Na gaji."

Roƙona gare ku, masu iyaye a raye, kada ku yi abin da na yi. In tsoho ya ce ya gaji, ku zauna kusa da shi ku ji wace iri ce, ko da amsar za ta rage muku kwarjini a unguwa. Kada ku karɓe abin da ke hannunsa sai in shi ya miƙo muku.