Malam Idi da Kankanar da Ta Kuɓuce Mini

Kai mai karatu, da ke mai karatu, idan kuna cikin masu cewa karatun boko na aji ne kawai, a ci jarrabawa a manta, to ku gyara zama, da ku nake. Ni ma haka na ɗauka, sai da wani dattijo ya kunyata ni a bakin layinmu, a gaban surukina, kuma har in koma ga Allah ina gode masa.

Ranar Talatar makon jiya da hantsi ina tsakar gida ina tsince shinkafa, Hajara 'yar Malam Idi ta shigo, ko sallama ba ta ƙarasa ba. Ta ce, "Umma, Baba ya cika." Na ajiye tire ina ta innalillahi. Ya daɗe yana fama da hawan jini, amma ko ranar Lahadi na hango shi a kan bencinsa yana yi wa wani mai keke napep faɗa saboda ya yi lodi fiye da kima.

Malam Idi shi ya koya mana fiziks a sakandare. Da ya yi ritaya, Allah ya haɗa mu layi ɗaya a Unguwar Mu'azu. Ni ce monitar ajinmu a wancan lokacin, kuma har na yi jika bai taɓa kirana Binta ko Hajiya ba, sai Monita.

Ba ya fara darasi da rubutu a allo. Wata rana 'yan aji suna surutu na daki tebur da tafin hannu, sai ga shi ya shigo. Ya ce, "Monita, hannunki na zafi?" Na ce e. Ya ce, "Teburin ne ya rama. Duk abin da kika tura, shi ma yana tura ki daidai yadda kika tura shi." Shekaru da yawa bayan nan, in ya jiyo ina hukunta yaro ta bayan katanga, sai ya ɗaga murya: "Monita, a tuna da tebur!" Ban daina hukunci ba, don yaro sai da tsawatarwa, amma dariya kan rage mini ƙarfin hannu.

Wata rana kuma ya sa muka tura baro babu komai, sannan ya cika shi da bulo ya ce mu sake. Ya ce mai nauyi ya fi cin ƙarfi wajen tayarwa, ya kuma fi cin ƙarfi wajen tsayarwa. Amma maganar da ya fi maimaitawa ita ce, "Abin da ke ajiye ba ya tashi sai an ture shi, abin da ke tafiya ba ya tsayawa sai an tare shi." Na haddace, na rubuta a jarrabawa, na ci, na manta.

Shekaru biyu da suka wuce 'yata Zainab ta yi haihuwar fari, ta zo gida wanka. Da ta yi arba'in, mijinta Kabiru ya zo da mota zai mai da ita ɗakinta a Nasarawa, ni ce mai rakiya. Kabiru ya buɗe mini gidan gaba, kamar yadda ya dace a yi wa babba. Na shiga, na ce a miƙo mini angon nawa, wato jaririn, Sadiku. Bel ɗin kujera kuwa ban ko kalle shi ba, don leshina ya sha guga. Na ga Kabiru yana sosa ƙeya. Ya san abin da nake yi ba daidai ba ne, amma wane suruki ne zai ce wa uwar matarsa ta sauka ta koma baya?

Sai ga Malam Idi ya taso daga benci ya gitta sandarsa a gaban mota.

"Monita, ina za a kai mini ɗan mutane a haka?"

Na ce, "Malam, 'ya'ya shida na rena, ko ɗaya bai taɓa faɗuwa daga hannuna ba."

"A tsakar gida kenan. Tsakar gidanki tana gudu ne?"

Ya sa na miƙa wa Zainab jaririn ta tsaya da shi a bakin ƙofa. Ya aiki Hajara ta ɗauko wata kankana da aka kawo masa, ya ɗora mini a cinya. Ya ce, "Ga jikanki nan, nauyinsu ɗaya. Riƙe shi yadda kika iya." Ya shiga baya ya zauna, ya ce wa Kabiru ya ja a hankali, in ya ji "taka" ya taka burki iya ƙarfinsa. Kabiru ya ce, "Baba, Hajiya ce fa." Malam ya ce, "Ni na koyar da ita, laifin a kaina."

Na rungume kankana ina cika ina batsewa. Gudun bai fi na mai keken hawa ba. Ina cikin gaishe da wata maƙwabciya ta taga na ji "Taka!" Jikina ya yi gaba, hannayena biyu suka dafe gaban mota don kare fuskata, kankana ta yi tsalle ta bugi ƙarfen ƙasa ta dare biyu a kan ƙafafuna. Leshin da nake tattali ya sha jan ruwa.

Matan layi suka fashe da dariya. Kabiru ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa. Malam bai yi dariya ba. Ya ce, "Motar ce ta tsaya, ke da kankana ba wanda ya tsayar da ku. Kuma ba ke kika sake ta ba, hannunki ne ya zaɓi fuskarki kafin ki yi shawara." Na dubi jan ruwan nan, na dubi Sadiku yana barci a kafaɗar uwarsa, na buɗe ƙofa na sauko.

Na sake kaya, na ɗaura bel, Zainab ta zauna a baya da ɗanta, ita ma da bel. Ba mu yi nisa da hawa babban titi ba wani mai keke napep ya yanko gabanmu babu ko sigina. Kabiru ya taka burki har taya ta yi ƙara. Bel ya riƙe ni a ƙirji, kwanon cincin da ke cinyata ya tarwatse har kan gilashi. Sadiku ya tsala kuka, kukan da ban taɓa jin mai daɗinsa ba. Ko da na ba Malam labari, cewa ya yi hannun Zainab ma ba abin dogaro ba ne, bai bar Kabiru ya huta ba sai da ya samo kujerar jariri ta mota a wajen 'yan gwanjo.

A wajen zaman makoki kowa da nasa labarin. Akwai masu keken da ya hana lodi, akwai wadda ya hana dirowa daga bas kafin ta tsaya. Sadiku yana ta zagaya tabarmi yana kwasar dabinon baƙi, Hajara ta nuna shi ta ce, "Ga kankanar Baba can." Muka yi dariya da hawaye a ido.

Allah ya jiƙan Malam Idi, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya sa ilimin da ya shuka ya bi shi har makwancinsa. Allah ya ba Hajara da mahaifiyarta da ƙannenta haƙuri, ya tsaya musu a bayansa.

A gidana kuwa na kafa doka, kuma ta hau kan kowa, ɗa ko suruki ko baƙo: ba a shiga gidan gaba da yaro a cinya, kuma mota ba ta tashi daga ƙofata sai na ji ƙarar bel ɗin kowa da kunnena. Wanda yake ganin hannunsa ya isa, akwai mai kankana a bakin layi, ya zo mu gwada.