Soda a Tukunyar Dalma

Waɗanda ke cikin ajin a ranar har yau ina ganinsu. Akwai Mushe Ilyasu, wato Malam Ilyasu a Faransance, malamin aji huɗu, cikin farar rigar da ba ya sawa sai Juma'a. Akwai baƙi biyu daga Yamai, wani dogo mai tabarau da wata Madam mai jan kallabi, waɗanda aka ce an turo su binciken yadda ake koya wa yara kimiyya da sana'a. Akwai Tekna, ɗiyar wani mai garka, wato lambu, daga duwatsun Abzin, zaune a bencin gaba, da sauran yara a bayanta an shafe su da mai sai ƙyalli suke. Sai ni Hajara, ƴar shekara tara, wadda sunanta ba ya cikin kowace takarda ta makarantar. Talata ce, sati biyu bayan ƙaramar Sallah, zafi tun hantsi kamar an rufe Arlit da murfi.

Daga Damagaram muka zo, shekara guda kafin nan. Baba ya samu aikin lodi a wajen haƙar ma'adinai, Inna kuma tana haɗa sabulu a tsakar gida. Da aka kai ni lakkol, kamar yadda muke kiran makarantar boko, sai aka ce in ɗora hannu bisa kai in taɓa kunne, don a gane shekaruna. Na taɓa, har yatsuna suka wuce. Aka ce na girme wa aji ɗaya, ba ni kuma da takardar haihuwa. Shi ke nan, na dawo gida. Aikina ya zama layin famfo da asuba, sharar tsakar gida, da juya sabulu a rabin gangar ƙarfe baƙa ƙirin wadda Inna ta gada daga matar da ta bar mana ɗakin. Ni ke tace man gyaɗa, ni ke yanka sabulu da zare in ya daskare, ni ke jera shi bisa buhu a inuwa. In na samu sarari sai in zauna bayan tagar aji huɗu ina carafke ni kaɗai, ina maimaita abin da yara ke rerawa ba tare da na san ma'anarsa ba. Abu na farko da Inna ta koya mini, tun kafin ta bar ni in riƙe muciya, shi ne: "Soda ba ta shiga tukunyar dalma. Ko wa ya ce ki zuba, kada ki zuba."

Kwana uku kafin zuwan baƙi Mushe Ilyasu ya yi sallama a ƙofar gidanmu. Ya gaya wa Inna cewa an aiko da takarda tun bara a koya wa yara wata sana'a da hannunsu, shi kuma bai samu lokaci ba. Yana so a ara masa ni. In zauna cikin yara, in haɗa sabulu gaban baƙi kamar a nan na koya. Sharaɗi ɗaya ne, kada in buɗe baki, don ba na jin Faransanci, kuma a ajinsa ba a Hausa. In an rabu lafiya, shi da kansa zai rubuta sunana, babu maganar kunne, babu maganar takarda. Inna ta daɗe tana kallonsa. Ta ce ba ta son ƙarya, amma ta ga yadda nake liƙe da tagar nan. Ta ce to.

Na isa da gangar a ka, da muciya, da mai, da soda ƙulle a tsumma. Mushe ya dubi gangar ya yamutse fuska. Ya ce wannan ƙazantar ba za ta shiga gaban mutanen Yamai ba, ya sa aka jefa ta bayan aji. Ya fito da sabuwar tukunyar dalma, irin farar nan da maƙera ke zubawa, wadda ya saya da kuɗinsa. Na buɗe baki zan yi magana, sai ya ɗora yatsa a leɓe, don motar baƙi ta riga ta tsaya.

Ya yi bayani mai tsawo a allo, ya zana abubuwa da alli, yara na amsawa baki ɗaya yadda aka horar da su. Baƙi na gyaɗa kai suna rubutu. Sannan ya zuba ruwa a tukunyar, ya miƙo mini sodar. Na tsaya da ƙullin a hannu. Ya zaro mini ido, na ƙi motsi. Sai ya yi ƴar dariya, ya gaya wa baƙi wani abu, ya karɓe ya juye da kansa, duka. Ya kira Tekna ta matso ta leƙa, don baƙi su ga yara na kusa da aiki.

Na san abin da zai biyo baya, na kuma san abin da zan rasa in na faɗa. Ban gargaɗe su nan take ba, wannan ba na ɓoye shi. Ruwan ya fara tsuwa, ya yi toka-toka, kumfa na tasowa, wani wari mai yanka maƙogwaro ya cika ajin. Tekna kuwa ta sunkuya, fuskarta dab da bakin tukunya. Ban san lokacin da na fizgo ta ba. Da Hausar Damagaram tsantsa na ce: "Ku ja baya, sodar na cin tukunya ne!" Kumfar ta yi ambaliya daidai inda ƙafafunta suke, ta gangara ƙarƙashin benci. Yara suka watse waje suna tari. Tekna ta riƙe hannuna tana cewa da irin Hausarsu ta mutanen Abzin, mai ce wa mace "kai", "Kai ka cece ni, kai ka cece ni."

Abin da ke ci mini rai har gobe ba tukunyar ba ce. Mutum biyu suka taso tun daga Yamai, kwana da kwanaki a mota, wai bincike. Sun ga malami bai sani ba, sun ga yarinya ta sani. Madam ɗin Bahaushiya ce, na ji ta da kunnena tana tambayar direba ruwa da Hausa. Da ta ce, ke, wa ya gaya miki? Da na kai ta gidanmu ta zauna da Inna, ta ji abin da zai cika littafinta. Ba ta tambaya ba. Ta toshe hanci da kallabi, dogon ya rubuta wani abu, aka kai su cin nama. Mushe ya same ni bayan aji ina kakkaɓe gangar Inna. Bai ɗaga murya ba. Ya ce na kunyata shi gaban manya, kada ya sake ganina ko a bayan taga.

Yanzu jikata Nana tana kolej. Kwanan baya ta zo da littafi ta ce an koya musu haɗa sabulu, har za a zo daga nesa a duba su. Na ce ta karanta mini. Akwai awo, akwai sunaye masu nauyi a baki, akwai yadda ake neman masu saye. Na tambaye ta a wace tukunya ake yi. Ta juya shafi, ta sake juyawa, ta ce ba a rubuta ba. Ba ta taɓa jin zafin soda a yatsa ba. Baƙin yanzu da waya suke zuwa, su ɗauki hoton abin da aka aro daga gidajen mutane, su tafi. Inna ta rasu ba wanda ya taɓa tambayarta komai, kuma da ita aka binne abubuwan da ni ma ban kai ga koya ba.

A daren Talatar nan Inna ba ta yi mini faɗa ba, cewa kawai ta yi in ci tuwo. Washegari da safe na jera sabulu a faranti na nufi unguwar ma'aikata. Hanya mafi kusa ta gaban lakkol take. Na tsaya a mararraba ina jin yara na rera karatu, sannan na juya na bi ta bayan kasuwa. Hanyar ta fi tsawo, amma ita na riƙa bi har na girma.