Na Hana Surukina Shiga Kwalekwalena

Malam Edita, sallama gare ka da masu karatu. Na sha ɗaukar alƙalami ina ajiyewa, yau dai na ce sai na fitar da abin nan daga cikina, ko wani zai tsira da jin sa.

A ƙarshen shekarun 1970 ni sabon ango ne, direban babbar mota a wani kamfanin gine-gine a Madina, ina haya a unguwar Jurf. Ɗan bakin kogi ne ni, a ƙasar Yawuri aka haife ni, kuma tun kafin in iya riƙe allo na iya riƙe filafilin tuƙa kwalekwale. A garin da babu ruwa sai na famfo da na gonakin dabino, wannan kaɗai nake da shi na taƙama, kuma na yi taƙamar har ta wuce kima. Duk inda aka zauna shan shayi sai na jawo zancen kogi, har abokai suka gaji suka ce in dai da gaske ne in nuna musu su gani.

Matata haifaffiyar Madina ce. Mahaifinta ma a nan aka haife shi, kakansa ne ya tako da ƙafa daga Damagaram ya zauna. Dattijo ne da ya haura sittin, yana sayar da tasbaha da turare kusa da Harami, mai son hira da dariya. Shi bai san kunyar surukuta irin tamu ta gida ba. In na je gaishe shi sai ya matsa ya ce in zauna kusa da shi mu ci a faranti ɗaya, ni kuwa sai in tsuguna a bakin ƙofa, kaina a ƙasa, in gaishe shi in sulale. Yakan yi dariya ya ce wa 'yarsa wannan mijin naki kamar wanda na kama da sata. Ni a lokacin gani nake tarbiyya nake nuna wa mutanen da suka manta gida.

Aiki yakan kai ni Yanbu, wani gari a bakin teku, da siminti. A wani ƙauyen masunta da ke kusa na ga ƙananan kwalekwale na itace da suke kira huri, kowanne na mutum biyu. Na yi magana da wani tsohon masunci Balarabe ya yarda ya ba mu hayar guda uku ranar wata Alhamis. Na tara mutane biyar: ni, da wani abokina mutumin tafkin Chadi wanda ya iya tuƙi sosai, da abokan aikina biyu da ba su taɓa shiga ruwa ba, da maƙwabcina tela da ya rantse mini cewa a Gaya ta bakin kogin Kwara ya tashi, tsallaka kogi a wurinsa kamar zuwa bayan gida ne. Ban gwada shi ba, ban ma tambaye shi ko ya iya iyo ba, don ya girme ni kuma ina ganin tambayar raini ce. Ana saura kwana biyu matata ta ce Baba ya ji labari, ya ce shekara sittin yana jin teku a kusa bai taɓa hawa kansa ba, da shi za a je. Ban so ba, amma ta ina zan ce wa surukina a'a?

Mun tashi bayan asuba, muka isa hantsi. Mai kwalekwalen ya nuna mana wani farin layi can gaba inda igiyar ruwa ke fashewa a kan duwatsun murjani. Ya ce daga nan zuwa can ruwa kwance yake, amma akwai wata ƙofa a tsakanin duwatsun, kada mu kusance ta, kuma mu fito kafin azahar don iska na tashi. Na ce masa na ji, a raina kuwa cewa nake mutumin da ya tuƙa a Kwara lokacin cikowa ba za a koya masa ruwa ba.

A wajen rabon kwalekwale ne na yi abin da nake kuka da shi har yau. Kowane ɗan kogi ya san ƙa'ida: mafi rauni shi ake haɗawa da mafi iyawa. Mafi rauni a cikinmu surukina ne, mafi iyawa kuwa ni ne. Shi da kansa ya gane haka, ya tattare farin tob ɗinsa, wato doguwar rigar nan ta Larabawa, ya nufo nawa yana murmushi ya ce, "Ya waladi, ɗana, ni a naka zan zauna." Na dubi kwalekwalen, ɗan siriri, gwiwarsa za ta riƙa taɓa tawa, zan riƙa ba shi umarni in ce zauna haka, daina motsi. Sai na ji ba zan iya ba. Na sunkuyar da kai na ce ai manya da manya ya kamata su zauna, ga tela nan, gwani ne. Ya ɗan tsaya yana kallona, sannan ya juya ya tafi wurin tela. Ko a wurin mutumin Chadi ban sa shi ba, don na riga na furta maganar manya da manya, janye ta kuma wata kunya ce.

Da farko komai lafiya. Ruwa garau, ana ganin kifi a ƙasa, ina jiyo dariyar tsohon daga nesa. Na lura tela na tuƙi ta gefe ɗaya, kwalekwalensu na ta kewaya kamar akuyar da aka ɗaure a turke, amma na ce zai saba. Daɗi ya ɗauke mu, azahar ta yi ba mu fito ba. Iska ta taso daga arewa, a hankali da farko, sannan da ƙarfi. Da na waiga sai na ga ta kwashi nasu tana kai shi daidai ƙofar nan. Na ƙwala wa tela kira na ce ya juya, ya zauna ƙasa. Maimakon haka ya miƙe tsaye yana ɗaga mini hannu biyu, filafilin ma ya suɓuce masa. Ina kallo kwalekwalen ya kife.

Ban san yadda na ci tazarar nan ba. Wanda ke cikin nawa ya ƙanƙame gefe yana salati, kowane motsinsa na neman kifar da mu. Na ce masa ya kwanta a ciki kada ya ɗaga kai, na faɗa ruwa na bar shi a hannun Allah. Tela ya rungume bayan kwalekwalen da ya kife, amma surukina babu shi, sai farar hularsa na yawo. Na nutsa, gishiri ya cika mini ido, ban ga komai ba. Na taso na sake nutsawa. A karo na uku hannuna ya kama ƙyalle. Tob ɗin ya sha ruwa ya nannaɗe masa ƙafafu, yana jan sa ƙasa. Da hannuna na yage rigar nan daga wuya har ƙasa na tuɓe shi. Mutumin da na kasa haɗa gwiwa da shi, ga shi na rungume shi ƙirji da ƙirji babu riga, ina kiran sa Baba ina roƙon ya buɗe ido. Igiyar ruwa na buga mu a kan murjani, yana yanka mini ƙafa kamar kwalba, ban ji ba sai daga baya. Mutumin Chadi ya iso, amma ba halin ɗora shi a ciki ba tare da an kifar da na biyu ba. Haka na riƙe gefen kwalekwale da hannu ɗaya, kansa a kafaɗata, ƙarfina na ƙarewa, ina ganin gaɓa kamar ƙara nisa take yi. Na roƙi Allah in dai sai an ɗauki ɗaya, a ɗauke ni. Tsohon masuncin ne ya hango mu ya zo da jirgi mai inji ya tsame mu duka.

Ya farfaɗo a bakin gaɓa bayan ya yi aman ruwa mai yawa. Muka kai shi asibiti a Yanbu, daga baya aka dawo da shi Madina, likitoci suka ce ruwa ya taɓa huhunsa. Tela ya zo yana kuka ya ce mini shi a Gaya fasinja ne kawai, bai taɓa riƙe filafili ba, kunya ce ta hana shi faɗa. Na so in shaƙe shi, sai na tuna ciwonmu ɗaya ne.

Kwana goma sha uku surukina ya yi yana jinya, kuma a kwanakin nan ni ke juya shi, ni ke ba shi ruwa a baki. Wata rana da la'asar ya riƙe hannuna ya ce, "Halas, shi ke nan, na yafe maka. Amma ni ɗa na ɗauke ka, kai kuma suruki ka ɗauke ni." Bayan kwana biyu ya cika, muka kai shi maƙabartar Baƙi'a.

Na san kwana ba ya wuce lokacinsa, kuma kowa haka ya yi ta gaya mini. Amma na san sababin a hannuna ya biyo. Abin da na koya shi ne, girmamawar da za ta nesanta ka da mutum a lokacin da yake buƙatarka ba girmamawa ba ce, kare kanka kake yi daga jin nauyi. Duk wanda zai kai jama'a ruwa, ya gwada kowa a wuri marar zurfi kafin a tashi, ya tambayi babba ya tambayi ƙarami ko sun iya iyo, ya saurari masu wurin, kuma ya ɗauki mai rauni a nasa, ko da wanda ba ya iya haɗa ido da shi ne.

Bayan an share makoki matata ta tambaye ni sau ɗaya, a hankali, ba da faɗa ba, ta ce kai da ka fi kowa iya ruwa, me ya sa ba a naka Baba ya zauna ba? Na buɗe baki zan ce kunya, sai na ji kalmar ta yi mini ƙanƙanta a gaban maraicinta. Ba ta sake tambaya ba, ni kuma har yau ban ba ta amsa ba.