Marinin da Ya Sa Na Juyo da Gilashi

Jiya a kasuwar Tasawa wani mai gyara ya nuna mini sabuwar ordinata, wato kwamfuta. Ya ce kowane ɗigon haske na gilashinta an raba shi gida-gida, kowane gida na kallon gefensa, don kada launi ya sauya ko daga ina ka duba. Na karkata kai, kore ya tsaya kore. Sai marigayi Kawu ya faɗo mini a rai.

Marini ne, hannayensa sun rine har gwiwa, rigarsa na warin baba da toka. Bai taɓa yarda da launin zane ba sai ya jujjuya shi a rana.

Shekarar fari, lokacin soja, ina ma'aikacin noma. Na zauna a zaurensa ina rubuta ƙauyukan da za a kai wa hatsi, tsohuwar na'urata a gefena. A taswirar da ke kan gilashinta, ƙauye kore ya samu amfanin gona, rawaya ya rasa. Wani ƙauye na Issawane na gan shi kore, na tsallake.

Kawu bai yi boko ba, amma shi ke zaune daidai gaban gilashin.

"Ɗana, wannan ba kore ba ne."

"Kawu, na'ura ba ta kuskure."

"Ita ba ta yi ba. Kai ne ka zauna a karkace. Juyo da ita."

Na juyo da ita. Rawaya ne. Buhunan gero suka isa ƙauyen kafin shuka.

Allah Ya haskaka kabarinsa ta kowane gefe, Ya dube shi da rahama yadda ya dubi mutanen da bai taɓa sani ba.