Wasiyyar maƙwabcina a kan ƙwaƙwalwarsa

Maƙwabcina a garin McLeansville na Amurka ya ci abinci da ƙwallon Amurka shekara da shekaru, wasan nan da ƙarti ke sa hular kwano suna karo da juna. Ƙato ne, bai kai sittin ba, amma yakan tambayi sunana sau uku a zama ɗaya.

Wata Asabar da hantsi matarsa ta shigo da takarda, yana biye da ita. Ta ce, “Alhaji, shaida muke nema. Ya yi wasiyya idan ya mutu a cire ƙwaƙwalwarsa a ba likitoci.”

Na ce, “A cire me?”

Ta bayyana mini cewa ciwon da yawan buguwar kai ke jawowa ba a tabbatar da shi sai bayan mutuwa, kuma lauyansu ya ce in babu wannan hujja, ƙarar da suka shigar a kan hukumar wasan ba za ta yi nisa ba.

Na kalli dambe a Sakkwato, na kalli kokawa a Dakar, duk inda mutum ya faɗi wasa ya ƙare. Mijinta kuwa, in ji ta, in ya faɗi sai a tashe shi a mayar da shi fili. Mu kuma ko farce ba ma yanke wa gawa.

Maƙwabcin nawa ya dube ni ya ce, “Ina so 'ya'yana su san ba da gangan nake musu tsawa ba.”

Na karɓi biro, na sa hannu.